Hure Ba Ta Cewa "Da Sauƙi"

A Ɗorawar Nababa, wani ƙauye da ke kusa da Ɗambatta, inda gonar wannan ke manne da ta wancan har ba ka gane iyaka sai da layin gamba, an yi wata mata da ake kira Hure mai daddawa. Gajeruwa ce, ba ta da yawan magana, daddawarta kuwa ko daga bakin rijiya kana jin ƙamshinta. Amma duk wanda ya san ta, in ka tambaye shi, ba da daddawa zai fara ba. Cewa zai yi, "Af, Hure? Ai ita ce wadda ba ta cewa da sauƙi."

To, ka dai san halinmu. Mutum yana kwance rai a hannun Allah, ko ruwa ba ya wuce masa maƙogwaro, ka leƙa ka ce, "Yaya jiki?" Sai ya tattaro ɗan numfashin da ya rage masa ya ce, "Da sauƙi." Masu jinya su ma su amsa, "Da sauƙi, alhamdulillahi." Ka fito, kafin ka kai zaure ka ji an fashe da kuka. Haka muka taso muka tarar. Haka ita ma Hure ta taso tana faɗa, har shekarar farin saba'in da uku.

A shekarar ne ciwon ciki ya kama mijinta, Kassimu. Ya kwanta ran Talata. Kafin Alhamis cikin ya kumbura ya yi tauri, duk abin da aka ba shi sai ya dawo. A ranar ne malamin asibiti mai zagaya ƙauyuka a babur ya tsaya a ƙofar gidan, don an ce masa akwai mara lafiya. Sauri yake yi, akwai ƙauyuka uku a gabansa cike da yara masu ƙyanda. Ya tsaya a zaure ya tambayi Dallatu, wan Kassimu, wanda shi ne babban gidan.

"Yaya mai jikin?"

"Da sauƙi," in ji Dallatu.

Malamin bai gamsu ba. Ya ɗaga murya ya tambayi mai jinyar da kanta, tana tsaye bayan zana. "Uwargida, ke yaya kika gan shi yau?"

Kwana biyu ke nan Hure tana kwashe amai. Ta san babu sauƙi ko na ƙwayar gero. Amma ga baƙo, ga wan miji yana saurare, kuma bakin ya riga ya saba. Kafin ta yi tunani maganar ta fita.

"Da sauƙi."

"To madalla," in ji malamin. "Da cewa zan yi a nemi mota yanzu a kai shi birni. Tunda da sauƙi, a ba shi waɗannan, zan dawo mako mai zuwa." Ya bar ƙwayoyi a ƙunshin takarda, ya tayar da babur.

Ta ji ƙarar babur ɗin tana nisa, ta buɗe baki za ta kira shi, kunya ta hana ta. Kassimu ya cika ran Asabar da hantsi.

Kowa ya ce kwana ne ya ƙare, ita ma ba ta musa ba. Amma tun daga ranar kalmar nan ta fita daga bakinta, ba ta sake komawa ba. In kai ne ba ka da lafiya ta zo dubiya, sai ta zauna ta ƙare maka kallo, ta taɓa goshinka, ta ce, "Jiya ka fi haka." In aka tambaye ta yaya jikin wane, sai ta ce, "Babu sauƙi, a kai shi asibiti." Mata suka riƙa cewa bakinta ba alheri. Larai, matar Dallatu, ta taɓa korar ta daga ɗakin mai jego. Har liman sai da ya aika aka kira ta, ya yi mata nasiha cewa "da sauƙi" godiya ce ga Allah da kyautata zato.

Ta durƙusa ta saurara har ya gama. Sannan ta ce, "Allah Ya gafarta Malam, alhamdulillahi zan faɗa a kowane hali, ko wuta ce ta cinye ɗakina. Amma in ga mutum yana tafiya in ce yana dawowa, wannan kam na daina."

Liman ya sallame ta. Abin dariyar shi ne, su masu zagin nata, in ciwo ya shigo gidansu, a ɓoye suke aikawa a ji me Hure ta ce.

Shekaru suka tura. Ta aurar da 'yarta tilo, Zuliha, can Ungogo, ta rage ita kaɗai a sashenta na gidan Dallatu. Masu neman aurenta sun zo, ta ce ta gode. Sai ga shekarar da cutar bushiya ta kwashe shanu, fari kuma ya biyo bayanta. Kai, wanda bai ga shekarun nan ba bai ga wuya ba! Gero ya tsaya iya gwiwa ya bushe a tsaye. Sabulu da gishiri sai an yi layi a gari, layin ma sau da yawa a banza. Gidan da ake ɗora tukunya sau biyu a yini ana nuna shi da baki.

A cikin wannan hali ne Hure ta tsinci 'yar mage a ƙarƙashin rumbun da ba komai a cikinsa, ƙashi da fata, launin toka. Ta sa mata suna 'Yar Toka. Kokon da take dama wa kanta da safe, wanda bai fi ludayi biyu ba, ta riƙa zuba mata rabi a sakaina.

"Mutane ba su ƙoshi ba, ke kina kiwon mage," in ji Dallatu.

"Daga cikina nake rage mata, Yaya, ba daga naka ba."

Magen ta girma ta yi sheƙi. Kullum da safe tana bakin ƙofa kafin kokon ya huce. In Hure tana tuƙa kalwa tana gefenta, in ta idar da salla ta hau gefen tabarmar. Hure da ba ta hira da mutane sai ga ta tana ba mage labarin yini. Tana son dabbar nan so na gaske, ba ta kuma ɓoye ba. In zafin rana ya yi yawa, 'Yar Toka takan sulale ɗakin ajiyar Dallatu ta miƙe a kan buhun waken iri, don nan ne wurin da ya fi sanyi a gidan.

Buhun nan shi ne duk abin da ya rage wa gidan na shuka, Dallatu kuwa yana tsaronsa kamar ransa. Da ya ga ƙwari sun fara huda waken, sai ya sayi wata farar hoda a hannun wani mai talla, a ƙunshe cikin takarda, ba suna ba komai. Ran wata Asabar a tsakiyar bazara ya barbaɗe buhun ciki da waje. Bai gaya wa kowa ba, don bai ga abin faɗa a ciki ba.

Washegari, Lahadi, koko ya huce a sakaina, babu 'Yar Toka. Hure ta kira, shiru. Ta duba bayan murhu, ta duba kan katanga. Sai da ta durƙusa ta leƙa ƙarƙashin gado ta gan ta can ƙurya, a takure.

Ta jawo ta a hankali. Bakin magen a buɗe, harshe a waje, tana haki. Yawu ya jiƙe mata ƙirji sharkaf. Fatar bayanta tana rawa ita kaɗai, kamar ƙuda na sauka a kai. Hure ta mayar da ita cikin duhun ɗaki ta dubi idon. Ta san idon nan sarai: a duhu buɗewa yake yi ya cika baƙi ƙirin. Yau ya tsuke, ya zama ɗan tsinke. Ta shafa gashin, ta ga fari-fari a tafin hannunta, ta sansana, wani wari mai hawa kai ya doke ta.

Ta miƙe zumbur. Ta fito tsakar gida da magen a hannu.

Larai tana tankaɗe, ta ɗago ta duba. "Zafi ne. Wannan ranar ko mutum haki yake yi."

"Kare ne ke haki don zafi. Kin taɓa ganin mage ta zaro harshe?"

"To ai ga shi tana gurnaninta. Mage mai gurnani ai da sauƙi."

Gaskiya ne, a ƙarƙashin hakin ana jin ɗan gurnanin nan da take yi in ana shafa ta. Shi ne ma ya fi tayar wa Hure hankali.

"Ita ma Bahaushiya ce," in ji Hure. "Tana mutuwa tana ce mini da sauƙi."

Dallatu ya fito daga turakarsa yana gyara hula. Hure ta nuna masa tafin hannunta. "Yaya, me ka zuba wa waken?"

Ya faɗa mata hodar da ya barbaɗa. Ya ce a ɗura mata manja da nono, haka ake yi wa akuyar da ta ci guba, zuwa gobe a gani.

Hure ta ɗiga wa magen ruwa a baki da yatsa. Ruwan ya gangaro ta gefe, magen ta sarƙe da tari. "Wadda ba ta iya haɗiye ruwa za a ɗura wa manja? A huhu zai sauka. Ba ni sauran hodar da takardarta."

"Ki kai ina?"

"Ɗambatta. Yau kasuwa, malamin dabbobi yana kara."

Larai ta saki rariya. Dallatu ya riƙe haɓa. "Hure, kina cikin hankalinki? A shekarar da mutane ke binne shanu, ke za ki ratsa kasuwa da mage a ka? Ki bari zuwa gobe mana. Kada ki ja mana abin faɗa a gari."

"Na taɓa bari zuwa gobe a gidan nan," in ji ta. "Ba ni takardar."

Dallatu ya juya. Ya shiga ya ɗauko ya miƙa mata, bai yarda sun haɗa ido ba.

Ta shimfiɗa tsumma a kwandon da take kai daddawa, ta kwantar da magen, ta rufe da faifai ta bar kafar iska. Ta ƙulle guntun sabulun salo, na ƙarshe da take da shi, a bakin zane, don ta ga dole a wanke wannan hoda. Ta ɗauki kwando ta bi ta tsakanin gonaki, busassun kunyoyi suna ƙona mata ƙafa, har bakin titi.

Motar da ta fara tsayawa a-kori-kura ce cike da awaki. Direban, wani mai suna Tasi'u, ya san ta da daddawa.

"Inna, yau kaji aka kawo kasuwa?"

"Mage ce."

Ya tuntsire da dariya. "Subhanallahi! Yunwar har ta kai a sayar da mage?"

"Ba ta da lafiya. In za ka ɗauke ni ka ɗauke ni, in ba za ka ɗauka ba ka matsa in ga ta bayanka."

Ya ga fuskar ba wasa. Ya ce gaba a cike take, sai dai baya. Ta hau ta zauna a tsakiyar awaki, ta rungume kwando a cinya, hannunta ɗaya a ciki yana kan haƙarƙarin magen. Duk ramin da motar ta faɗa sai ta ji numfashin ya tsaya, sannan ya dawo. Ba abin da take faɗa sai, "Ki riƙe, 'Yar Toka. Ki riƙe."

Kara, wato kasuwar shanu, ta zama kufai a shekarar. Turaku sun fi shanun yawa. Dillalai suna zaune a inuwa ba ciniki, ka kuwa san bakin dillalin da ba shi da aiki. Tun kafin ta isa rumfar malamin dabbobi labari ya riga ta, don Tasi'u bai iya riƙe magana ba.

"A buɗe hanya, ga mai babban sa ta iso!"

"Inna, nawa aka taya?"

Ko kallonsu ba ta yi ba. Ta wuce kai tsaye wurin Malam Badaru, wani siririn mutum mai furfura a gemu, yana zaune a kan benci da akwatin maganinsa. Ta ajiye kwando a gabansa ta ɗaga faifai. Shi ma murmushi yake yi. Ya gyara murya irin ta mai dubiya, don ya ƙara wa 'yan kallo nishaɗi.

"Sannu, Inna. Yaya mai jikin?"

"Babu sauƙi," in ji Hure. "Tun safe take haki da baki a buɗe. Yawu ba ya tsayawa. Idonta ya tsuke ko a duhu. Ba ta haɗiye ruwa. Jiya ta kwanta a kan buhun waken da aka zuba wa wannan, ta lashe jikinta." Ta miƙa masa ƙunshin.

Murmushin ya ɓace. Ya buɗe takardar ya sansana daga nesa, ya kawar da kai. Ya ɗaga fatar idon magen, ya sa kunne a ƙirjinta.

"An ba ta wani abu?"

"An ce manja. Na hana."

"Kin kyauta." Ya buɗe akwati yana magana, hannunsa na sauri. "Shekara ashirin ina aikin nan. Mutum zai jawo mini sa yana shure-shuren mutuwa, in ce yaya jikinsa, ya ce da sauƙi. Sai na yi ta tono kamar mai haƙar rijiya. Yau ga wadda ta ba ni labari tiryan-tiryan."

Ya ɗauko wata 'yar kwalba da ya ce yana ajiye ta ne don dabbar da maganin kaska ya buga, wannan hodar kuwa danginsa ce. Wani dillali mai jan rawani ya matso.

"Haba Malam! Maganin shanu za ka ɓata a kan mage? Ke Inna, ɓera nawa take kama miki a wata?"

Hure ta juyo ta dube shi sama da ƙasa. "Ban zo faɗin amfaninta ba, ciwonta na zo faɗa. Kai ranar da ka kwanta, sai an lissafa shanun da ka sayar kafin a duba ka?"

Wurin ya ɗauki shewa, wannan karon a kan mai rawani. Malam Badaru ya ja abin da bai fi ɗigon hawaye ba, ya tsira wa magen da allura. Ya ce a samo ruwa da sabulu, ya ƙara da cewa sabulun ne zai yi wuya. Hure ta kwance bakin zane. Suka wanke magen tas, sau biyu, har guntun sabulun ya narke ya ƙare a hannunta. Ya sa ta ita ma ta wanke hannu har gwiwa, ya ce a gaya wa mai waken kada kowa ya kai shi baki, iri ne kawai.

"Ba zan ce miki za ta tashi ba, Inna."

"Kada ka ce. Abin da ka gani shi za ka faɗa mini."

Ta zauna a ƙasa a gefen rumfar, kwando a gabanta. Rana ta take. Aka yi azahar, yawun ya ragu, sannan ya dawo, Malam Badaru ya sake yin allura. Ba ta ci komai ba, ba ta kuma ji yunwa ba. Dillalan da suka yi mata dariya suka riƙa giftawa ɗaya-ɗaya, kowa ya ɗan leƙa kwandon kamar ba da gangan ba. Wajen la'asar bakin magen ya rufe. Rawar fatar ta tsaya. Hure ta kare hasken da mayafinta ta leƙa, ta ga baƙin idon ya buɗe. Ta tsoma yatsa a ruwa ta miƙa, wani ɗan harshe mai kaushi ya fito ya lasa, ya kuma haɗiye.

"Da kin kai azahar a gida, da sai dai a haƙa rami," in ji Malam Badaru. Ya ce ta ajiye ta wuri mai duhu da shiru, ruwa kaɗan-kaɗan, in hakin ya dawo ta neme shi a gida ko ba ranar kasuwa ba.

Rana ta yi ja lokacin da ta shigo Ɗorawar Nababa. Maza suna zaune a kan tabarmi a ƙofar gidan Dallatu suna jiran magariba, kuma duk garin ya san inda ta je. Dallatu ya yini yana shan tsiya a kan matar ƙaninsa, yana so ya huce. Da ta zo wucewa ta zaure, sai ya ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"A'a, 'yan asibiti an dawo! To, Hure, yaya mai jikin?"

Aka fara ƙyaƙyata dariya. Hure ta tsaya cak. A nan ne, a bakin wannan zauren, babur ya tsaya shekara goma sha ɗaya da suka wuce. Ta sauke kwandon, ta durƙusa, ta ɗaga faifai. Ba ta yi gaggawa ba. Ta sa hannu a haƙarƙarin magen ta ji numfashi yana shiga yana fita daidai. Ta duba baki, a bushe. Ta duba ido. 'Yar Toka ta ɗago kai ta yi ɗan kuka siriri. Sannan Hure ta miƙe ta dubi Dallatu.

"Da sauƙi," in ji ta.

Dariyar ta mutu. Babu wanda ke wurin da ya ji kalmar nan a bakinta tun rasuwar Kassimu, kuma duk sun san dalili. Dallatu ya fi kowa sani, shi da ya fara faɗar ta a ranar. Ya sunkuyar da kai yana murza carbi. Sannan ya amsa a hankali.

"Allah Ya ƙara sauƙi, Hure."

"Amin, Yaya."

Ta ɗauki kwandonta ta shige. A ɗaki ta shimfiɗa wa magen tsumma a ƙarƙashin gadon, gadon da Kassimu ya cika a kai, ta ajiye mata ruwa a sakaina. Sannan ta zauna a bakin gadon ta dafa katifar da tafin hannu. Kukan da ba ta yi ba a gaban dillalai, ba ta yi ba a cikin awaki, ya zo mata gaba ɗaya.

"Ka gani, Malam?" ta ce wa marigayi mijinta. "Yini ɗaya ne kacal. Haka ya kamata in yi maka."